Ƙafar ƙwayar sankara da ɗamararta: littafin aikina a ɗakin gwaji

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau ƙwayoyin sankarar mama, waɗanda ake raino a ɗakin gwaji, suka iso Sakkwato. 'Yan kwalabe biyu ne, kowace ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, a cikin akwatin sanyi, daga hannun wata ƙawar Malamata da ke aiki a kudu. A jikin ɗaya an rubuta MCF-7, a jikin ɗayar MDA-MB-231. Baba, mai kula da ɗakin gwajinmu, shi ya narkar da su cikin ruwan ɗumi mai maki 37, ni kuma ina gefe riƙe da agogo, don ya ce muddin suka daɗe a narke, sinadarin da aka daskarar da su da shi zai koma musu guba.

Malama ce ta sa ni buɗe wannan littafi. Ta ce in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gani, kuma da Hausa, domin duk abin da ba zan iya faɗa wa mahaifiyata ta gane ba, ni ma da sauran aiki a gabana.

Ga abin da nake nema. Kullin da ke zaune cikin mama, likita na iya yanke shi. Abin da ke kai yawancin mata kushewa shi ne 'yan ƙwayoyin da suka ɓalle daga kullin, suka bi hanyoyin jini da na ruwan jiki, suka je suka kafa gida a ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Kafin ƙwaya ta ɓalle kuwa sai ta saki maƙwabtanta, ta miƙa gaba, ta dafa, ta jawo sauran jikinta. Ina so in gani da idona abin da istrojin, sinadarin nan na mata da jakar ƙwai ke fitarwa, yake yi wa wannan tafiya. An daɗe da sanin yana sa ƙwayoyin su hayayyafa. Batun tafiyar ne har yau masana ke ja-in-ja a kai.

MCF-7 daga jikin wata mata mai shekara 69 aka samo su, a birnin Detroit na Amurka a 1970, cikin ruwan da ya taru a gefen huhunta. Herbert Soule da abokan aikinsa suka raya su. Suna da makarɓin istrojin, wato furotin ɗin da ke kama sinadarin ya isar da saƙonsa. MDA-MB-231 kuwa daga Houston suka fito a 1973, daga mace mai shekara 51, kuma ba su da makarɓin. Matan nan biyu sun daɗe da barin duniya, ga ƙwayoyinsu a hannuna bayan shekara hamsin. Na jima ina tunaninsu a kan kabu-kabu har muka iso Mabera.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Sun kama, alhamdu lillahi. Tun a kallon farko a maikiroskof bambancin ya bayyana. MCF-7 tsibi-tsibi suke zama, kowace ta jingina da 'yar'uwarta, gefe da gefe, kamar daɓen tsakar gida. MDA-MB-231 kuwa dogaye ne sirara, kowace ta kama gabanta kamar awakin da aka kwance da safe. Wato waɗanda ba su jin istrojin su ne suka fi yawo. Na rubuta wannan na ja layi a ƙarƙashi, don ya saɓa da abin da na shigo aikin ina tsammani.

Abin da ke ba ƙwaya siffa shi ne tsaikon da ke cikinta. Duk wanda ya ga ana ɗaura tsaikon ɗakin ciyawa ya san yadda kara da igiya ke tsayar da abin da ba shi da ƙashi. Zare iri uku ne a tsaikon ƙwaya: masu kauri kamar bututu, faɗinsu nanomita 25 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), matsakaita, wajen 10, sai sirara, wajen 7, su ake kira aktin. Aktin ɗin ne nawa. Inda ya sha bamban da tsaikon ɗaki, shi ba a ɗaure shi sau ɗaya a huta: kullum ana ƙara masa tsawo ta wannan baki ana warware shi ta wancan.

Da haka ƙwaya ke rarrafe. A gabanta zaren aktin na tsiro yana reshe, yana tura tantanin da ya lulluɓe ta, har wani leɓe mai faɗi ya fito. Leɓen ya sami madafa a ƙasa ya manne. Daga nan wani furotin mai suna mayosin, irin wanda ke cikin tsokar hannunmu, ya ja zaren, jikin ya biyo, madafar baya ta saki. Michael Abercrombie ya bayyana wannan rarrafe tun wajen 1970. A 1992 Anne Ridley da Alan Hall a Landan suka nuna furotin ɗin da ke ba da umarnin: Rac ke fitar da leɓen, Rho ke ɗaura igiyoyin ja. Bayan shekara uku aka ƙara da Cdc42, mai fitar da 'yan yatsun da ƙwaya ke lalube da su.

Akwai kuma maɓallin da ke haɗa ƙwaya da maƙwabciyarta, E-kadarin. MCF-7 na da shi, MDA-MB-231 sun yar da nasu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Gwaggo ta zo daga Gwadabawa don ganin likita, a gidanmu ta sauka. Bara aka cire mata mama ɗaya, tun daga nan kowace safiya tana shan ƙwayar tamoksifen. Saboda ita na zaɓi wannan aiki, Malama ma ta sani.

Bayan sallar isha'i muna zaune a tabarma ta zaro takardar maganin daga gefen zanenta. Ta ce, "Ɗiyata, wanga magani da nika sha kullum, mi shika yi cikin jikina? Ba ciwo nika ji ba, amma likita yac ce shekara biyat."

Na ce, "Gwaggo, irin ciwon da aka cire miki yana da kunne. Akwai wani sinadari a jikin kowace mace da ke kiran sa ya girma. Maganin nan toshe kunnen yake yi."

Ta ce, "To in an toshe mai kunne, zaune shika yi wuri guda?"

Na kasa ba ta amsa kai tsaye. Tambayar digirina ke nan ta yi mini a jimla ɗaya.

Labarin kunnen ya tsufa. A 1896 wani likitan fiɗa a Glasgow, George Beatson, ya cire jakar ƙwai ga matan da sankararsu ta yi nisa, sai aka ga kullin wasunsu ya motse, alhali a lokacin ba wanda ya san sunan istrojin. Elwood Jensen a Chicago shi ya gano makarɓin a ƙarshen shekarun 1950, a 1996 kuma aka gano na biyu a Suwidin. Tamoksifen a Ingila aka haɗa shi a 1962, da niyyar maganin tazarar haihuwa, bai yi wannan aikin ba, sai ya zama maganin sankara.

A ƙasashen Turai da Amurka kusan bakwai cikin goma na sankarar mama na da makarɓin. A wajenmu lissafin ya jima yana rikita mutane. Binciken da ƙungiyar Olufunmilayo Olopade ta fitar a 2009 kan matan Najeriya da Senegal ya sami kusan ɗaya cikin huɗu kacal, alhali wani da Clement Adebamowo ya jagoranta a Ibadan a 2008 ya sami kusan biyu cikin uku. Ɗaya daga cikin dalilan da ake kawowa shi ne yadda ake adana tsokar da aka yanko. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin fomalin, sinadarin da ke hana tsoka lalacewa, kafin awa ɗaya, ta zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. In ta yi yini a ajiye, balle a zafi irin namu, furotin ɗin na lalacewa, sai gwaji ya ce babu makarɓi alhali akwai, mace ta rasa maganin da zai amfane ta. Wannan abu na ci mini rai, domin agogo da kwalbar fomalin kawai yake bukata.

Litinin, 2 ga Disamba

Gwajin karce na farko. Hanya ce mai sauƙi, shi ya sa ta dace da aljihunmu. Ana shuka ƙwayoyi a faranti mai gurbi shida, kamar tandar masa, a zuba musu romo, wato ruwan abincin da suke rayuwa a ciki, a bar su har su rufe ƙasan gurbin. Sai a ɗauki bakin fifet, ɗan bututun ɗiban ruwa, a ja layi ɗaya a tsakiya, a wanke waɗanda suka ɓamɓaro, a ɗauki hoto. Ana komawa wuri ɗaya bayan awa 12, 24 da 48 a ga yadda giɓin ke rufewa. Ina ɗiga alama da alƙalami a bayan farantin don kada in ɓace wurin, faɗin giɓin kuma da manhajar ImageJ nake aunawa, kyauta ce.

Gurbi uku na sa wa istradayol, wanda shi ne istrojin mafi ƙarfi a jikin mace, ma'aunin nanomola 10. Uku kuma itanol ɗin da na narkar da shi ciki kawai. Bayan kwana biyu duka shidan sun rufe kusan daidai.

Na kai wa Malama hotunan jikina a sanyaye. Ko kallon su ba ta gama ba ta ce, "Romon da kike ba su, wane launi ne?"

Na ce, "Ja ne, Malama."

Ta ce, "To duka shidan kin ba su istrojin."

Jan launin nan, finol-red, ana sa shi ne don ya nuna lafiyar romon: in ya yi tsami sai ya koma rawaya. A 1986, a Jami'ar Illinois, Yolande Berthois tare da Benita da John Katzenellenbogen suka gano cewa yana yi wa MCF-7 aiki irin na istrojin mai rauni, daga baya aka gane wani gurɓi ne da ke tafe da rinin. Shekaru masana na ta gwaji suna zaton farantin kwatancensu babu istrojin, ashe akwai. Bayan haka ruwan jinin ɗan maraƙi da muke zuba wa romon shi ma da nasa sinadaran yake zuwa, sai an tace shi da garin gawayi na musamman. Yanzu dole in sami romo marar launi, in tace ruwan jinin, in bar ƙwayoyin kwana uku cikin yunwar istrojin kafin in taɓa su. Mako uku ke nan sun tafi, amma na fi son in ji wannan yau da in ji shi ranar kare digiri.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfi, daga Dundaye ba a hango komai sai fari. Shekaranjiya na buɗe inkubeta, akwatin ɗumin da muke rainon ƙwayoyin a ciki, na tarar da wani abu kamar auduga yana yawo a gurbi biyu. Fumfuna ce. Duka farantin muka zubar. Baba ya kafa doka: ba shara da tsintsiya a ɗakin, sai guga da tsumma mai jiƙa, tagogi a toshe, hijabin da aka shigo da shi daga waje a sauya kafin a matso kusa da ƙwayoyi, hannu da kwalba duk a fesa musu itanol mai kashi 70.

Ga wata matsala da romo marar launi ya kawo. Ƙwayoyin na son iskar kabon kashi 5 cikin ɗari a inkubeta. Da, in tukunyar iskar ta ƙare, romon kan koma shunayya mu gani. Yanzu ba ya faɗa mana komai. Na manna takarda a jikin tukunyar, safe da yamma ina rubuta inda allurar take.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Kwanakin jiran romo na yi su ne a karatu, kuma a nan na fahimci cewa istrojin hanya biyu yake bi cikin ƙwaya.

Ta farko doguwa ce. Ya ratsa tantani, ya kama makarɓi, makarɓa biyu su haɗu su zauna a kan DNA a cibiyar ƙwaya, su buɗe wasu umarnin gado su rufe wasu. Wannan na cin awoyi, wani lokaci kwanaki, kuma ta nan yake sa ƙwaya ta rabu biyu.

Ta biyu gajera ce, mintoci kawai. Wani ɗan kaso na makarɓan ba ya zama a cibiya, a jikin tantani yake maƙale da wani ɗan kitse. A 1996 Antimo Migliaccio da Ferdinando Auricchio a Naples suka nuna cewa istradayol na tayar da furotin Src a cikin MCF-7 nan take. Ƙungiyar Tommaso Simoncini a Pisa ta Italiya ita ta bi sawun har zuwa aktin. A 2008, da wasu ƙwayoyi masu makarɓi da ake kira T47-D, suka nuna saƙon na bi daga makarɓi zuwa RhoA, zuwa ROCK, zuwa moyisin, furotin ɗin da ke ɗinke aktin da tantani. A 2010 suka ƙara da wani reshe: daga Src zuwa FAK, mai gina madafa, zuwa N-WASP da Arp2/3, masu sa zaren aktin ya yi reshe a bakin leɓe. A hannunsu, istrojin ƙafa yake ba ƙwaya.

Yau na kammala karce na biyu da tsaftataccen romo. Wannan karon ko ba a auna ba ana gani: gurbin istradayol ya riga sauran rufewa. Da sauri na hau sama wajen Malama. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta ce, "Ya yi kyau. Amma tafiya suka yi suka cike wurin, ko haihuwa?"

Gaskiyarta. Ƙwayoyin da suka yi kwana uku da yunwa, aka ba su abin da suke so, dole su hayayyafa, kuma in suka yi yawa sai su ture juna zuwa cikin giɓin ko ba wadda ta ɗaga ƙafa. Hoton ba zai bambanta mini ba. Maganin shi ne maitomaisin-C, a jiƙa su da shi awa biyu kafin karce, ya hana su rabuwa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Da maitomaisin, tazarar da na yi murna da ita ta ragu sosai. Ba zan sa lamba a nan ba sai na maimaita sau uku, amma a ido yawancin abin da na gani a Janairu haihuwa ce.

A daren jiya kuma na karanta aikin da ya hana ni barci. Ƙungiyar Ghassan Mouneimne ce a Jami'ar Arizona, 2018. Sun fara daga abin da likitoci suka daɗe da lura da shi, wanda ni ma na ja wa layi ranar 13 ga Nuwamba: sankara mai makarɓin istrojin ba ta kai marar shi saurin kutsawa cikin tsokar da ke kewaye ba. Suka gano cewa ta doguwar hanyar nan, makarɓin na sa ƙwaya ta yawaita wani furotin mai suna EVL. Shi kuma EVL yana tattara zaren aktin ya ɗaura shi dami-dami a kewayen ƙwayar, daf da tantani, kamar ɗamara. Ɗamarar na matse gefen, ta hana leɓe fita. Da suka toshe makarɓin da magani, EVL ya ragu, ɗamarar ta sassauta, ƙwayoyin suka fara motsi. Har a tsokar wasu matan da aka ba maganin toshe istrojin kafin fiɗa sun ga EVL ya yi ƙasa.

Tun 2003 ma irin wannan saɓani ya bayyana a kan maɓallin E-kadarin. Ƙungiyar Steffi Oesterreich ta nuna istrojin na rage shi. A shekarar kuma ƙungiyar Paul Wade ta nuna makarɓin, ta hanyar furotin MTA3, yana danne Snail, wanda shi ne mai kashe maɓallin.

Abin da nake gani shi ne ba lallai wani ya yi kuskure ba. Pisa mintoci da awoyi suka fi kallo, Arizona kwanaki. Irin ƙwayoyin, da abin da aka shimfiɗa musu su taka, da tsawon yunwar da suka sha, duk suna sauya amsa. Mai yiwuwa sinadari ɗaya ne ke zaburar da ƙafa yanzu-yanzu, yana kuma ɗaura ɗamara a hankali.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Tambayar Gwaggo ce ta dawo mini. In toshe kunne na kwance ɗamara, ƙwayar da take haɗiya kowace safiya fa?

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na kai wa Malama damuwar yadda take. Ta rufe kwamfutarta ta ce in zauna.

Ta ce in tuna abu uku. Na ɗaya, an riga an cire kullin Gwaggo. Aikin maganin yanzu shi ne ya hana 'yan ƙwayoyin da ƙila suka saura su tsiro, kuma ƙwayar da ta yi tafiya ba ta hayayyafa ba, ba ta zama ƙari. Na biyu, faranti ba mace ba ce: babu jini a cikinsa, babu sojojin jiki, babu hanta. Na uku, an riga an ƙirga a jikin mutane. Ƙungiyar masana da ke Oxford, wadda ke tattara gwaje-gwajen duniya kan sankarar mama, ta fitar a 2011 cewa ga mace mai makarɓi, shan tamoksifen shekara biyar na rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15.

"Aikin Arizona," in ji ta, "neman yadda za a ƙara wa maganin abokin aiki yake yi, wanda zai riƙe ɗamarar yayin da shi ke hana haihuwa. Kada ki kuskura wata ta ji daga bakinki ta ajiye maganinta."

Na riƙe wannan da hannu biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 2.3 aka gano da ciwon a 2022, wajen 670,000 suka rasu, kuma a Najeriya shi ne kan gaba a sankarar mata. Matanmu da yawa sai ciwo ya fashe suke zuwa asibiti, bayan an gama da saiwoyi da shafe-shafe. Wadda ta daure ta zo, aka yi mata aiki, ta kama magani, ba za ta ji abin da zai karya mata gwiwa daga littafina ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Yau na ga aktin da idona.

Na shuka MCF-7 a kan 'yan gilasai, kashi uku: masu istradayol, marasa komai, da waɗanda na ƙara wa fulbestiran, maganin da ke kama makarɓin ya sa ƙwaya ta rushe shi gaba ɗaya. Bayan kwana uku na sandarar da su da farafomaldihaid mai kashi 4. Na so in yi da metanol don shi ke kusa, Baba ya riƙe kwalbar ya ce, "A'a ɗiyata, wannan zai ɓata zaren, rinin ba zai kama ba." Rinin kuwa, faloyidin, daga wani naman kaza mai kisa ake samo shi, wanda ke tsiro a dazukan Turai. Gubarsa na manne wa zaren aktin ƙam, sai masana suka rataya mata ja mai ƙyalli. Cibiya kuma da DAPI ake rina ta, ta fito shuɗiya.

Kafin in duba, Baba ya karɓi gilasan ya rufe sunayensu da salatif, ya sa musu lambobin da shi kaɗai ya sani. Ya ce ido na ganin abin da zuciya ke so.

Muka kashe fitila. A gilashi na biyu na tsaya. Kowace ƙwaya da shuɗin ƙwallo a tsakiya, a kewayenta kuma jan zobe mai kauri, a ɗinke tsaf kamar bakin faifai, zoben wannan na haɗe da na waccan har suka yi raga. A gefen tsibin ma layin santsi ne, babu abin da ya leƙo. A gilashi na biyar kuwa zoben ya yi siriri, a wasu wuraren ya tsinke, kuma ƙwayoyin bakin tsibi sun fitar da leɓɓa masu tattara kamar bakin zanen da iska ke kaɗawa. Na rubuta abin da na gani a kan kowace lamba, na sa hannu, sannan Baba ya ɓare salatif. Na biyu istradayol ne, na biyar fulbestiran.

Sau ɗaya ne, gilasai shida ne kacal. Amma na daɗe zaune a duhun nan ban tashi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Na mayar da aikin lab zuwa bayan asuba, kafin rana ta buɗe.

Gwaggo ta dawo karɓar magani. Ta tambayi likitanta, ya ce ta mayar da shan ƙwayar lokacin sahur, tunda sau ɗaya ce a rana. Tana kuka da zafin da ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska da dare, na gaya mata maganin na kawo haka, amma in ta ga jini ya zo mata ba lokacinsa ba ta koma asibiti ba tare da jinkiri ba, domin tamoksifen da ke toshe makarɓi a mama, a mahaifa tayar da shi yake yi.

Bayan shan ruwa na nuna mata hotunan a waya. Ta kawo fuskarta kusa, ta sa yatsa a kan jan zoben. "Wagga ita ta ɗamarar da kika faɗi?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo."

"Wanga ko ta kwance. To ni tawa hwa?"

Na ce, "Gwaggo, naki an cire. Maganin da kike sha yana hana abin da ya rage ya tsiro, kuma an gwada shi a kan dubban mata an ga ya tsawaita musu kwana, da yardar Allah. Mu abin da muke nema shi ne a sami ƙari a kansa."

Ta mayar mini da wayar ta ce, "Ina ɗai sha. Ku ko ku yi ta nema, Allah shi ba ku sa'a."

Litinin, 7 ga Afrilu

An gama hidimar salla, bazara ta kankama. Da rana ɗakin kan fi inkubeta zafi, ita kuwa ɗumamawa ta iya, ba ta iya sanyayawa ba, don haka muka mayar da na'urar sanyaya ɗaki kan layin sola, muka rage wasu kaya.

Karce da maitomaisin na yi biyu, saura ɗaya. Rinin aktin na kwana uku na maimaita sau ɗaya, ya yi kama da na farko. Abin da ya rage shi ne gajeren lokaci, inda Pisa suka duba: zan ba ƙwayoyin istradayol in sandarar da su a minti 15, minti 30, awa 1, awa 6, awa 24 da awa 72, in jera hotunan in ga ko leɓe ne ke fara fita kafin ɗamara ta ɗauru. A rabin gilasan zan sa Y-27632, mai toshe ROCK. MDA-MB-231 za su bi duk matakan a matsayin ma'auni, tunda ba su da makarɓin. Malama ta ce in ajiye a raina akwai wani makarɓi na daban, GPER, wanda aka tabbatar yana kama istrojin a 2005, kuma fulbestiran ba ya toshe shi, tayar da shi ma yake yi.

Faloyidin ɗin da ya rage zai ishi gilasai talatin in na yi tattali. Na lissafa ina bukatar ashirin da huɗu. Tun ranar Asabar ƙwayoyin ke cikin romon yunwa, gobe kwana uku cif. Baba ya ce zai buɗe ɗakin ƙarfe shida, ya kuma yanko sabon salatif.